Bangon Ɗakin Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Idan tana son ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Wai babu mai hannu a gidan nan ne?" Idan ƙanwata tana kusa sai ta ce mata, "Ce wa wancan ya zo ya ci tuwo," alhali ga ni zaune a gabanta. Idan kuwa babu kowa, gyaran murya take yi, sau biyu, a hankali. Da wannan gyaran muryar na girma. Ko ina can wajen turken awaki na ji shi, na san ni ake nema.

Firamare kawai na yi, sai na bi wani kawuna zuwa kasuwar Zuba, inda na koyi sayar da lemu da abarba da kankana. Bayan sojoji sun koma bariki sai gari ya buɗe. Ko'ina ka duba gini ake yi, tifofin yashi ba sa tsayawa a kan hanyar Kaduna, otal-otal suna aiko motoci suna kwasar kayan marmari tun da hantsi. Ni ma Allah ya sa na samu rabona. Na yi aure, muka kama haya a Karmo, a irin dogon gidan nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna.

Bangon gidan da bulo mai inci shida aka yi shi, mai rami a ciki, an shafa masa siminti kamar an shafa wa jariri mai. Idan maƙwabcina ya juya cokali a kofin shayi ina ji. Na san ranar da matar tela ta yi yaji, na san abin da ya jawo, ba tare da na tambayi kowa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni mutum ne mai yawan wasu-wasi. Kwaɗon rumfata sai na ja shi sau uku, in kai bakin titi, in dawo in sake ja. Har wajen limamin unguwa na je na tambaye shi ko ina da zunubin sirrin mutanen da ke shigo mini kunne ba da sona ba. Ya yi dariya ya ce, "Malam, in dai ba kai ka manna kunnenka a bango ba, je ka yi barcinka." Na tafi, amma ban daina kunna rediyo don in rufe maganar maƙwabta ba. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, yadda nasu yake zuwa mini haka namu yake zuwa musu.

Shekarar da mahaifina ya rasu, Inna ta rage ita kaɗai a gida da awakinta uku da ciwon gwiwa. Ƙanwata tana aure a ƙauyen gaba, ba kullum take samun zuwa ba. Na aika, na sake aikawa, kafin Inna ta yarda ta zo Abuja a duba mata ƙafa. Maƙwabcina direba ne, ya yi tafiya mai nisa, sai ya ba mu aron ɗakinsa, wanda bango ɗaya ne ya raba shi da namu. Niyyata in ta saba, in roƙe ta ta zauna ke nan.

Matata a Kaduna ta tashi, kuma mace ce mai barkwanci. A gaban mutane Maigida take ce mini, ta durƙusa ta miƙo ruwa. Idan muka rage mu biyu kuwa, sunana na yanka take kira, gatsal, ta haɗa da tsokana. Safiya ta uku da zuwan Inna, na fita zan tafi kasuwa, na kai bakin hanya, sai na dawo in tabbata na kashe rishon shayi. Matata ta fashe da dariya, ta kira sunana da ƙarfi, ta ce, "Kai dai wata rana sai ka dawo ka duba ko ka tafi da kanka!" Ta ja mini hula ta rufe mini ido. Ni ma na yi dariya, na ce mata wata magana irin wadda miji ke faɗa wa matarsa.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan bango. Sau biyu, a hankali, kamar a cikin ɗakinmu aka yi shi.

Matata ta kama bakinta da hannu biyu. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na san wannan karon ba kirana Inna take yi ba. Sanar da mu take yi cewa tana nan, kuma tana ji, kada mu ƙara abin da zai fi haka nauyi.

Kafin azahar ta ɗaure kayanta. Ta dubi ƙofa ta ce, "Awakin nan babu mai ba su dusa." Matata ta durƙusa tana roƙonta har da hawaye, ta ce ai ba a gama shan magani ba. Inna ta shafa kanta ta sa mata albarka, amma ba ta kwance ƙullin ba. Bayan wata guda ƙanwata ta kawo mini saƙo. Ta ce Inna ba ta yi fushi da kowa ba, ta ma yaba hankalin matata. Abin da ta ce kawai shi ne, ɗakunanmu na Abuja ko zana ta fi su kunya.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji shekara biyu. Duk lokacin da aka ce mini Inna ta kasa zuwa rijiya, ko ta wuni ba ta hura wuta ba, sai in ji kamar ni na kore ta. Da aka fara raɗe-raɗin rusau a Karmo, na sayi ɗan fili a bayan Zuba, ba babba ba. Ɗaki uku zai ɗauka da falo, kuma duk yadda na juya zanen a ƙasa da tsinke, ɗakin Inna sai ya haɗa bango da nawa. Saboda haka gidan gaba ɗaya bai dame ni ba kamar wannan bango guda.

Na fara da tambaya, har na zama abin dariya. Na ɗauki rediyona na tafi wajen masu buga bulo a Dei-Dei. Na ajiye shi a ƙasa, na kewaye shi da bulo mai inci shida, na tsuguna na saurara. Na kwashe, na kewaye shi da mai inci tara, wanda suke ce wa nayin, na sake saurare. Mai bulon, wani Bakano mai ƙaton tumbi, ya tsaya a kaina yana sakace.

"Malam, bulo ka zo saye, ko labaran duniya ka kawo masa ya ji?"

"Ina so in san wanda ya fi tare magana ne, Alhaji."

"To ai sai ka sayi na kurma. Yana can baya, ba mu buga shi ba tukuna."

Leburorinsa suka kwashe da dariya. Na biya kuɗin bulo ɗaya da na fasa wa kusurwa, ko da yake ya ce in bar shi, na tafi ban gane komai ba, domin ƙarar rediyon ta sama take fitowa.

Akwai wani injiniya da ke sayen abarba a wurina duk Asabar. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce a manyan otal-otal na cikin gari bango biyu ake yi, a bar sarari a tsakani, ta yadda ko ganga aka buga a wancan ɗakin ba za a ji a wannan ba. Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Bango biyu, sarari a tsakani.

Samun magini a lokacin ya fi samun fili wuya, saboda duk masu hannu manyan 'yan kwangila sun kwashe su. Wani mai sayar da rodi ne ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Filato, Kirista, gajere, mai furfura a gira, wanda ya gaji da hawa bene mai tsawo. Baba nake ce masa, shi kuma Oga Mai Lemu. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ranar da ya zo ganin fili na ja shi gefe, na yi ta kewaye-kewaye, domin ban san yadda zan faɗa wa baƙo abin da ya faru a Karmo ba. Ya bar ni na gama zufa, sannan ya ce, "Mama ya ji abin da bai kamata ya ji ba, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Mu ma muna da surukai a wajenmu, Oga. Ba ku kaɗai Allah ya ba kunya ba."

Na ce masa da so samu ne da na yi mata irin ginin ƙauyenmu, tubalin jar ƙasa, kauri kamu guda, wanda ko kuka kake yi a ciki sai Allah. Ya ce gaskiya ne, babu abin da ya kai ƙasa haɗiye murya, amma kamu guda zai cinye rabin ɗakin tsohuwa, kuma ruwan Abuja ba irin na Zazzau ba ne, ga shi babu mai yi mini yaɓe duk shekara. Na ce to jan bulo na gashi fa? Ya ce yana da kyau, yana da nauyi, amma in je in gwada nema, in na samu kafin damina biyu in zo ya ba ni hularsa. Sai na fito da abin da na zo da shi. Na ce bango biyu nake so, da sarari a tsakani, kamar na otal.

Ya ɗauki bulo mai inci tara ya tsayar da shi, ya ƙwanƙwasa da cokalin gini. Ya yi ƙara kamar tulun da babu ruwa.

"Ka ji? Wannan ganga ne. Mutane suna cewa nayin, nayin, suna tsammani kauri ne magani. Rabin cikinsa iska ne."

Ya kwaɓa yashi da siminti da 'yar tsakuwa, ya ɗura a ramukan har baki, ya danna da guntun katako. Washegari da na zo ya ce in ɗaga. Na kasa raba shi da ƙasa sai da na sa gwiwa. Ya ƙwanƙwasa, ya yi wani ɗan dum ya yi shiru.

"Murya ba ya son nauyi," in ji Baba. "Ba ya iya girgiza abin da ya fi ƙarfinsa. Bango ɗaya za mu yi, nayin, mu cika cikinsa layi bayan layi, mu yi masa filasta mai kauri ciki da waje."

"Baba, injiniya fa ya ce biyu."

"Injiniya baƙi yake ajiyewa, waɗanda ba su san juna ba, ba sa so su sani. Kai uwarka za ka ajiye. Ka raba kunne, kar ka raba gida."

Ban gane ba, kuma ban yarda ba. Na yi kwana da kwanaki ina saƙa da warwara. Zuciyata ta ce mini tsohon nan ƙyuya ce ke damunsa, so yake ya gama da wuri ya kama wani aikin. Na koma masa sau uku da maganar bango biyu. A na ukun ya ajiye cokali ya ce, "Oga Mai Lemu, ni na taɓa zuwa Zuba na koya maka yadda ake gane kankana ya nuna?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Na haƙura, ba don na gamsu ba, sai don ina jin nauyin furfurarsa, kuma ba ni da wani maginin.

Amma na zame masa ƙaya. Kullum na tashi daga kasuwa da la'asar sai na biya. Ina leƙa ramin kowane bulo, ina zura tsinken tsintsiya in ji ko an cika. Leburori suka sa mini suna Sufeto. Wata rana na tarar an ɗora layi biyu ban ga cikinsu ba, na tsaya ina murza hannu, na kasa tafiya. Baba ya dube ni, ya yi tsaki, ya ɗauki guduma ya fasa gefen bulo ɗaya da kansa. Cike yake taf. "Ka gani? Yanzu kawo lemu mu sha, ka sa na ɓata aikina."

A hankali na ga cewa shi ma yana da nasa wasu-wasin, sai dai nasa ya san inda yake kai shi. Da mai haɗa wuta ya zo zai fafe bangon ya sa soket a ɗakina da wani a ɗakin Inna, baya da baya, don waya ɗaya ta ishe shi, Baba ya kore shi da cokali a hannu. Ya ce murya kamar ɓera ne, ƙaramin rami ya ishe shi. Aka kai soket ɗin wasu bangwayen. Da gini ya kai inda za a buga silin, kafinta ya ce a tsaya nan, ai sama babu mai gani. Baba ya ce, "A nan ne duk gidajen haya suke mutuwa. Magana ya hau silin, ya tsallaka, ya sauka a kan maƙwabci." Ya ci gaba da ɗora bulo a cikin duhun rufi har ya taɓo kwano, ya toshe 'yan kafofin da suka rage da siminti. Sai a ranar na tuna cewa a Karmo, in ɓera ya gudu a silin ɗinmu, a ɗakin direba yake ƙarasa gudunsa. Ƙofar ɗakin Inna kuma ya juya ta ta kalli tsakar gida ta baya, ya sa aka yi mata ƙyaure na katako mai nauyi.

Ranar gwaji, bayan filasta ta bushe, ya tura ni ɗakin Inna ya ce in rufe ƙofa in saurara. Na tsaya tsit, har na manna kunne a bango, karo na farko a rayuwata. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na daɗe, na gaji, na fito in tambaya ko sun fara. Na tarar da leburori suna birgima don dariya, matata ta rufe fuska da mayafi.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Sufeto," in ji ɗaya daga cikinsu. "Baba ne ya shiga ɗakinka ya yi ta ihu wai lemunka tsami ne da shi, kuma kai matsoraci ne, ko kaza ta yi tari sai ka duba kwaɗo."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Muka tare. Na aika wa ƙanwata, ita kuma ta san yadda ta yi da Inna. Bayan sallar layya suka iso. Inna ta shiga ɗakin da sallama, ta dafa bangon da tafin hannu, ta daɗe a haka, ta tambayi iska, "Wannan na ƙasa ne?" Ƙanwata ta ce a'a, na siminti ne, amma cikinsa a cike yake. Inna ta ce, "Uhm." Ta shimfiɗa tabarmarta a gindinsa, ta ajiye carbi da buta da ɗan dutsen taimamarta, wani sumul baƙi da ya cika tafin hannu, wanda take shafawa in sanyi ya hana ta taɓa ruwa. Awaki kuwa ta bar su wajen ƙanwata. Na gane abin da hakan yake nufi. Hanyar komawa ce ta bari a buɗe.

Wata biyu komai lafiya. Matata ta dawo da dariyarta, Inna tana fitowa tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa, yaranmu suna hawa bayanta. Na fara cewa a raina na yi dabara.

Wata Lahadi cikin damina na dawo da wuri saboda ruwa ya kori kasuwa. Matata ta kai yara gidan suna. Na leƙa na gaishe da Inna bayan azahar, ta amsa wa ƙofa, na ja mata ƙyaure saboda feshi, na shiga ɗakina na kwanta ina jin rediyo. Aka kira la'asar na yi salla. Sai na lura ban ji motsin buta a tsakar gida ba. Na ce ko barci ne. Na zauna, na tashi, na sake zama, ina jin nauyin in shiga mata ba ta nema ba. Daga baya dai wasu-wasin nan nawa da kowa yake yi wa dariya ya tashe ni.

Na same ta a ƙasa, tsakanin gado da tabarma, ƙafa ɗaya a lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ta tashi ɗauko buta ne gwiwa ta ƙi, ta zame. Tun bayan fitata take nan. Muryarta ta dushe. Na ɗaga ta, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni, na ji ba ta fi buhun lemu rabi nauyi ba. Ta kawar da fuska ta ce wa bango, "An yi ta gyaran murya."

Tsawon wannan lokaci ina kwance, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Da ta ɗaga murya ta kira sunana da ƙarfi, wataƙila da ya bi ta taga ya zagayo ya same ni. Amma na san ko za ta kwana a wurin ba za ta kira ba. Na gina bangon da zai hana ta jin sunana, na manta cewa ita ba ta da abin kirana sai wannan ɗan sautin da na toshe da hannuna, layi bayan layi, ina zura tsinke.

Ba ta karye ba, Allah ya kiyaye, targaɗe ne. Amma kwana biyu bayan haka matata ta ce mini ta ga Inna tana ninke zannuwanta tana jerawa a cikin ƙulli.

Na bar rumfa a hannun maƙwabcina na kasuwa, na shiga gari neman Baba. Na same shi a wani sabon rukunin gidaje yana ɗaure igiyar awo. Na ce masa ya zo da guduma ya fasa mini taga a bangon, ko ya rushe shi gaba ɗaya, ni dai na tuba. Ya saurare ni har na gama, ya tambaya ko Mama ya ji ciwo sosai, ya ce zai zo ran Lahadi in an tashi daga coci.

Ya zo da kayansa na coci, fari tas, babu guduma, babu cokali. Ya cire takalmi a ƙofar Inna ya durƙusa.

"Mama, sannu da jiki. Ni ne na gina wannan bango. An ce ya yi maka laifi."

Inna ta yi murmushi, abin da ba ta cika yi wa baƙo ba. Ta ce, "Bango bai yi laifi ba, ɗan nan. Tsufa ne."

Ya waiwaya yana neman wani abu, idonsa ya sauka a kan dutsen da ke gefen tabarma. Ya miƙa hannu, na yi sauri na ce, "Baba, na taimama ne." Ya janye hannunsa nan take. "To Mama, kai za ka yi da hannunka. In Oga ya tafi ɗakinsa, ka buga wannan dutse a bango. Ba da ƙarfi ba. Kamar kana fasa gyaɗa." Ya juyo gare ni. "Kai kuma je ka rufe ƙofa, ka kunna rediyon nan naka har ƙarshe."

Na tafi, na rufe, na ƙure rediyo. Ina tsaye ina cewa a raina wannan wasan yara ne, bangon da ya haɗiye ihun Baba. Sai na ji ƙwas, ƙwas. Sau biyu, a hankali, a tsakiyar bangon, sarai kamar a cikin ƙashin kaina aka buga. Ban san lokacin da na fito da gudu ba takalmi ba.

Baba yana tsaye a tsakar gida yana dariya. "Murya iska ne, bango ya tare shi. Bugu kuwa a cikin jikin bango yake tafiya, in jikin ɗaya ne. Da na yi maka biyu da sarari a tsakani, irin na otal, sai Mama ya yi ta bugun nasa, naka yana barci. Uwata ya yi shekara shida a kwance, Oga. Da muciya yake kirana."

A nan tsakar gidan na roƙe shi gafara, na faɗa masa zaton ƙyuyar da na yi masa. Ya ce ai ya sani, a fuskata yake karantawa kullum. Na cika masa buhu da lemu da abarba na kai masa har bakin titi. Ya ɗanɗana ɗaya ya ce, "Yau dai babu tsami."

Halina bai bar ni ba. Washegari na je wajen limamin sabuwar unguwarmu na tambaya ko ya halatta a ƙwanƙwasa bango da dutsen taimama. Ya dube ni ya ce, "Malam, dutse ne. Uwa kuma uwa ce. Me ya rage?"

Inna da matata suka shirya tsarinsu ba da ni ba. Bugu ɗaya na matata ne ko yara. Biyu nawa ne. Ƙullin kayan dai yana nan a kan gado ba a kwance ba, ni kuma kullum na shiga gaisuwa sai idona ya je kansa.

Wata safiya, kamar mako uku bayan haka, na fita na kai bakin hanya na dawo duba famfo. Matata ta manta kanta, ta kwaɗa mini sunana da ƙarfi har da tafi. Muka daskare mu biyu muna kallon bangon. Shiru. Babu gyaran murya, babu komai. Muna cikin sauke numfashi sai ga ƙwas, ƙwas.

Na ce shi ke nan, ta ji. Na zagaya ta tsakar gida, na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofa. Inna tana zaune a tabarma, dutsen a hannunta, zannuwanta a jere a cikin kwabar da ta daɗe babu komai. Ba ta dube ni ba. Taga ta kalla.

"In akwai motar lemu mai zuwa wajenmu," ta ce, "a ce wa direban ya biya ya ɗauko awakin nan. Dusar Abuja ma dusa ce."

Ran Alhamis suka iso, a bayan wata motar kankana, su huɗu, domin ɗaya ta haihu a hannun ƙanwata. Na kafa musu turke a bayan ɗakinta, daidai inda za ta riƙa ganinsu ta taga. A jikin bangon kuwa, kamu ɗaya daga ƙasa, fenti ya fara goguwa, filasta ta ɗan lotsa kamar gurbin ƙwai. Da mai fenti ya zo gyaran gida bayan wasu shekaru ya ɗebo siminti zai cike wurin, na riƙe masa hannu.